Kafin a ce yaro ya ci kuɗi, a bincika abin da kwamfutar ta rubuta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon a ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ke ɓata amana tsakanin iyayen gida da yaransu a garin nan namu na Maraɗi, amma ba a kula da shi saboda kowa na ganin sha'anin ƴan boko ne. Ni mai gyaran kwamfuta ne, shagona ba shi da nisa da Babbar Kasuwa, kuma galibin masu kawo mini aiki ƴan kasuwa ne, masu sayar da shinkafa da mai da sukari a sari, da masu kantin magani, da masu kayan babur.

A da littafi ne ke riƙe da bashin kasuwa. In gardama ta tashi sai a jawo shi, a ga hannun wanda ya rubuta, a ga inda aka goge ko aka yage shafi. Yanzu manyan shaguna da dama sun mayar da lissafinsu cikin manhaja, abin kuma ya yi kyau, domin wanda ke bin mutanen Dakoro da Tasawa da Madarunfa bashi a lokaci guda ba zai iya riƙe kome a ka ba. Matsalar ita ce ranar da lissafi ya ƙi fita babu rubutun hannun da za a gane. Sai kowa ya waiwaya ya dubi yaron da ke zaune gaban na'urar. Na san waɗanda aka sallama, na san wanda aka sa ya dafa Alƙur'ani, na san wanda ya kwana a hannun ƴan sanda. Ba na ce duk masu gaskiya ba ne, akwai ɓarayi a cikinsu, kuma na taɓa taimakawa aka kama wani. Abin da nake cewa shi ne akwai hanyar da ake bi a ga abin da manhaja ta rubuta da inda ta rubuta shi, kyauta ce, kuma ya kamata a bi ta kafin a zubar wa ɗan mutane da mutunci.

Kayan aikin da na fi amfani da shi sunansa Process Monitor, masu sana'armu na taƙaita shi su ce Procmon. Mark Russinovich da Bryce Cogswell ne suka kafa Sysinternals a 1996, inda suka riƙa fitar da ƙananan manhajoji masu leƙa cikin Windows, kamfanin Microsoft ya saye su a 2006, kuma a shekarar ne aka haɗe tsofaffin kayansu biyu, Filemon mai sa ido kan fayiloli da Regmon mai sa ido kan rajistar Windows, wato inda Windows ke ajiye saitunanta, suka zama Procmon. Ba ya da nauyi, ba a ma girka shi, buɗe shi kawai ake yi da izinin mai iko da na'urar. A shafin Microsoft ake sauke shi, kuma ina jan kunnen ƴan uwana kada su karɓe shi daga kilen USB ɗin da ya zaga shaguna goma, domin manhajar da za ka ba ikon ganin kome a cikin na'ura ba wadda za ka tsinta a hanya ba ce.

Wanda ya buɗe shi karon farko yakan firgita. Layuka ne ke zubowa, kafin minti ɗaya ya cika sun kai dubban ɗaruruwa, alhali kai ba ka taɓa kome ba, Windows ce da sauran manhajoji ke harkokinsu a ɓoye. Saboda haka aikin farko shi ne tacewa. Ka danna Ctrl da E ka tsayar da shi, ka danna Ctrl da X ka share abin da ya taru, sannan Ctrl da L ya buɗe maka matata. A nan za ka ce masa sunan manhajar kaza kaɗai kake so, kuma aikin rubutu kaɗai, wato layukan da ke ɗauke da WriteFile. Sai ka sake kunna shi, ka koma cikin manhajar ka yi abu guda tak, misali ka shigar da sayar da buhu ɗaya, ka dawo ka tsayar. Abin da ya rage a gabanka ƴan layuka ne, kowanne da lokacinsa, da sunan manhajar, da cikakkiyar hanyar fayil ɗin da aka taɓa, da sakamakon, ko ya yi nasara ko an hana shi. Turanci kaɗai yake ji, mu kuma na'urorinmu Faransanci ne, amma kalmomin da mutum ke buƙata ba su wuce goma ba. Kada kuma a kunna shi a tafi sallah a bar shi, domin yana tara abin da ya gani cikin ƙwaƙwalwar na'ura har ta cika ta daskare, sai dai in an umarce shi ya riƙa zubar da layukan da aka tace.

Bari in ba da labarin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wani Alhaji mai sayar da kayan masarufi ya aiko a kira ni, ba don in gyara kome ba, don in zama shaida. Wani abokin cinikinsa daga Dakoro ya biya jika 75 cikin bashin da ake binsa, an buga masa takarda, ya tafi. Da yamma ɗan Alhaji ya buɗe manhajar ya ga bashin yana nan cif, ba a rage ko dala ba. Kuma ba yau aka fara ba. Yaron da ke zama gaban na'urar tun yana ƙarami yake hannun Alhaji, na same shi tsaye jikin buhunan shinkafa ido ya yi ja.

Alhaji ya ce da ni, “Malam, ni ban san karatunku ba. Mutum ya biya, ga takarda, kwamfuta ta ce bai biya ba. To wa ya ci? Ita dai ba ta da aljihu.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, a bar yaron ga ya zauna ya buɗe ta yadda ya saba in gani.”

Ya zauna ya shiga da sunansa, ya buɗe, sai ga jika 75 ɗin an rage ta, da ranar da lokacin. Ɗan Alhaji ya ce ƙarya ne, ya karɓi kujera ya shiga da nasa sunan, ya danna ɓangaren dama na linzami ya buɗe manhajar da ikon shugaba, wato da cikakken izinin mai iko da na'urar, kamar yadda wanda ya girka musu ita ya koya masa. Babu jika 75. Abin ya ƙara dagulewa, domin yanzu ɗan cewa yake, “Baba, ka gani ko? Ya ƙirƙiro ta bogi yana nuna wa mutane.”

Na buɗe Procmon, na tace, na sa yaron ya shigar da biyan gwaji na dala 20. Layin ya nuna manhajar ta rubuta cikin foldar yaron, a ƙarƙashin AppData, cikin Local, cikin wata folda mai suna VirtualStore. Na sa ɗan Alhaji ya yi irin wannan gwajin, nasa layin ya nuna Program Files kai tsaye. Sunan fayil ɗaya, wuri biyu.

Dalilin haka tsohon abu ne. Manhajojin da aka rubuta zamanin Windows XP sun saba ajiye bayanansu a cikin foldar da aka girka su, a Program Files. Tun daga Windows Vista, wadda ta fito wa jama'a a farkon 2007, an hana manhajar da ba a buɗe ta da ikon shugaba ba yin rubutu a wurin. Don kada tsofaffin manhajoji su mutu, sai Windows ta ɓullo da dabara: in tsohuwar manhaja mai bit 32 ta nemi yin rubutu a can, sai a karkatar da rubutun zuwa VirtualStore na mutumin da ya shiga, a ce mata an yi. Ita kanta manhajar ba ta san an karkatar da ita ba. Kowane mai shiga da nasa kwafin. Wanda kuwa ya buɗe da ikon shugaba ba a karkatar da shi, asalin fayil ɗin yake taɓawa. Ga shi AppData ɓoyayyiyar folda ce, ba a ganinta sai an nema. Ƙari a kan haka, a Windows ta Faransanci abin da ido ke gani shi ne Programmes da Utilisateurs, alhali sunayen gaskiya su ne Program Files da Users, sai wanda bai saba ba ya kasa haɗa abin da Procmon ya nuna masa da abin da yake gani a tagar fayiloli.

Ashe shagon ya daɗe da littafi biyu ba wanda ya sani. Yaro na shigar da cinikin yini a nasa, ɗan gida na shigar da kayan da suka iso a nasa. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne kwafin ajiya: duk Juma'a ɗan Alhaji na kwashe fayil ɗin Program Files zuwa kile yana kulle shi a durowa, cikin imanin ya tsare dukiyar gida, alhali babu cinikin rana ɗaya na yaron a ciki. Da faifan na'urar ya mutu, da bashin mutane duka ya bi shi. Mun mayar da bayanan wuri guda da kowa ke iya rubutawa, suka zauna da takardun da aka riƙa bugawa suna daidaita lissafin biyu, aikin da ya ci su kwanaki. Alhaji bai ce wa yaron yi haƙuri ba, manyanmu ba su cika furta ta ba. Ya dai zaro kuɗi ya ce, “Tashi ka sayo mana hura, ka haɗa da taka,” kuma har yau yaron na nan gaban na'urar.

To amma ga inda nake so a tsaya a fahimta da kyau, domin shi ne ainihin dalilin wasiƙar nan. Procmon ba ya nuna abin da aka rubuta a cikin fayil. Kamar mai gadin sito yake, wanda zai rubuta maka wane ne ya shigo, ƙarfe nawa, buhu nawa ya sauke, a wane lungu ya jibge su, amma ba ya kwance bakin buhu ya ga ko gero ne ko yashi. A ƙarshen kowane layin WriteFile za ka ga lambobi biyu, Offset da Length. Na farko yana faɗin daga wane gurbi na fayil aka fara rubutun, na biyu yana faɗin bayit nawa aka rubuta (bayit shi ne ɗan ma'aunin da kwamfuta ke ƙirga bayanai da shi), misali daga gurbi na 8192 an zuba bayit 4096. Iyakar abin da ya sani ke nan. Ko ka adana duk abin da ya tara ka kai wa wanda ya fi kowa ƙwarewa, ba zai fitar maka da adadin kuɗin ko sunan mai bashin daga ciki ba, domin tun farko ba a ɗauke su ba.

Na nanata wannan ne saboda na fara ganin wasu samari a sana'ar tamu suna cin kuɗin mutane da shi. Sai a buɗe wa mai shago allo cike da layukan Turanci, a nuna masa WriteFile da ƙarfe goma na dare, a ce, “Ga shi nan, Alhaji, ya canza lissafi bayan an tashi.” Wannan zalunci ne. Manhaja na rubutu da kanta ba tare da kowa ya taɓa ta ba: tana gyara jerin bincikenta, tana adana girman tagarta, tana rubuta tarihin buɗewa da rufewa. Ko da an ƙara layin da ke nuna sunan wanda ya shiga, sunan shiga ne kawai, ba hannu ba ne, kuma a shagon da kalmar sirri ke manne a takarda jikin allo, kowa daga direba har mai shayi na iya zama wannan sunan.

Wanda ke son ganin ainihin abin da aka rubuta, hanya mafi sauƙi ita ce kwafi biyu. Procmon ya riga ya gaya maka fayil ɗin. Ka rufe manhajar, ka kwafe shi gefe. Ka buɗe, ka yi abu guda, ka rufe, ka sake kwafewa. Sannan ka gwama su. Windows na da umarnin fc, in ka haɗa masa /b zai jero maka kowane gurbin da ya bambanta, da abin da ke wurin a da, da abin da ke wurin yanzu. Ni na fi son HxD, wata manhaja ta kyauta da ke buɗe kowane irin fayil ta nuna cikinsa bayit bayan bayit, lambobi a hagu, haruffan da suka dace da su a dama. Za ka iya ce mata ta tsallaka zuwa gurbin da Procmon ya faɗa, sai dai ka lura, Procmon na ƙirga da goma-goma yadda muka saba, HxD kuwa da sha shida-sha shida take farawa, saboda haka 8192 a wancan shi ne 2000 a wannan. Mutane da yawa a nan suke ɓata, su duba wurin da ba shi ba su ce babu kome.

Ko an isa wurin ma sai an yi haƙuri, domin kwamfuta ba ta rubuta kuɗi yadda muke rubutawa. Jika 75, wato 75000, in manhajar ta ajiye ta a matsayin lamba mai bayit huɗu, abin da za ka gani shi ne F8 24 01 00, kuma daga baya ake karanto shi, ƙaramin ɓangare ne ke gaba. Wanda ya bincika 75000 da haruffa ba zai samu ba. Suna kuma wani lokaci a ware yake fitowa, kowane harafi da sifiri biyu a bayansa, sai ka ga Dakoro ta fara da 44 00 61 00, domin Windows ta fi son ba kowane harafi bayit biyu. Dabarar da nake koya wa yaran shagona ita ce su shigar da gwaji da wani suna da ba za a same shi ko'ina ba, da adadin da ba a saba ba, don ya yi saurin fitowa.

Sau da yawa ma ba sai an sha wannan wahalar ba. Farkon fayil yakan tona asirinsa. In ka buɗe shi a HxD ka ga ya fara da SQLite format 3, to rumbun bayanai ne na SQLite, wanda sababbin manhajoji da wayoyin Android ke yawan amfani da shi, sai ka buɗe kwafinsa da DB Browser for SQLite ka ga teburorin a fili, suna da adadi da rana. Ka dai duba ko akwai wani fayil a gefensa mai suna iri ɗaya da ya ƙare da wal, domin sababbin rubuce-rubuce a can suke fara sauka kafin a zuba su cikin uwar, wanda ya kwafi uwar kaɗai ya baro na ƙarshe. In ka ga Standard Jet DB kusa da farko, tsohon Access ne. In kuwa da PK ya fara, a matse yake irin na zip, kuma haka fayilolin Excel da Word na zamani suke tun daga Office 2007. Irin waɗannan gwama bayit ba ya amfani, harafi ɗaya za ka canza ka ga bambanci ya watsu ko'ina. Sai dai ka kwafe, ka mayar da ƙarshen sunan zip, ka buɗe ka karanta abin da ke ciki. Excel na da wani hali kuma: ba ya rubutu kai tsaye a kan fayil ɗinka, wani na wucin gadi yake ƙirƙira da suna marar ma'ana a cikin foldar, ya zuba kome a can, sannan ya sauya masa suna. Wanda ya tace Procmon da sunan fayil ɗinsa kaɗai sai ya rantse ba a rubuta kome ba.

Akwai kayan da ke kwance bakin buhun tun a ƙofa. A Windows akwai API Monitor, wanda ke tsayawa tsakanin manhaja da Windows ya kama abin da ta miƙa a rubuta, ya nuna maka shi. Ya fi Procmon wuyar sha'ani, yana da na bit 32 da na bit 64, kuma sai ka ɗauki wanda ya dace da manhajar da kake bi. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke zuwa wurina da na'urorinsu masu Linux maimakon Windows su kam sun huta, domin kayan leƙen Linux mai suna strace, wanda Paul Kranenburg ya fara rubutawa a 1991, yana nuna rubutun da kansa. Sai dai haruffa 32 na farko kawai yake nunawa ya yanke, in kana son ƙari ka faɗaɗa shi da -s, ka sa -f don ya bi ƙananan ayyukan da manhajar ke haifa, ka sa -y don ya rubuta sunan fayil maimakon lamba kawai. Duk da haka, in manhajar ta kulle bayanan da sirri kafin ta miƙa su, tarkace za ka gani. Akwai kuma manhajojin da ke shimfiɗa fayil cikin ƙwaƙwalwa su yi ta gyara shi a can, daga baya Windows ta sauke shi da kanta, sai rubutun ya fito da sunan System, ba da sunan manhajar ba. In ka ga fayil na canzawa amma matatarka ba ta kama kowa ba, ka cire tacewar suna ka tace da hanyar fayil ɗin.

Wani abu kuma da masu shago ba su son ji shi ne duk waɗannan kayan daga lokacin da aka kunna su suke gani. Ba su san jiya ba. Ana zuwa mini da na'ura a ce in duba abin da yaro ya yi a watan azumi, ni kuwa ba boka ba ne. Faifan Windows na riƙe da wani ɗan tarihi da ake kira USN, mai faɗin sunan fayil da lokacin da aka taɓa shi, amma shi ma ba ya riƙe abin da aka rubuta, kuma sababbi na ture tsofaffi. Abin da ke ba da shaida a kan jiya shi ne kwafin jiya. Wanda ke kwafe fayil ɗin gaskiya kullum da yamma, ya sa masa kwanan wata, ya ajiye ba tare da ya rubuta sabo a kan tsoho ba, shi ne zai iya jera na Litinin da na Talata ya nuna layin da ya ɓace. Da irin haka ne muka kama wancan ɓarawon da na ambata tun farko, ba da allon Procmon ba.

Sai maganar wuta. In Procmon ya rubuta SUCCESS gaban layi, ba yana nufin bayanan sun sauka a faifai ba. Windows kan karɓa ta riƙe a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci kafin ta zuba, don aiki ya yi sauri. Manhajar da aka rubuta da hankali takan nemi a sauke nan take, kuma za ka ga layin FlushBuffersFile na biye da rubutun. Wadda ba ta yin haka, in wuta ta ɗauke a wannan tsakanin, takarda ta riga ta fito daga na'urar bugawa, mai biya ya sa ta aljihu, amma faifai bai ji labari ba. A watannin zafi, lokacin da wuta ke yawan ɗaukewa, na fi samun irin wannan ƙara. Ƙaramin akwatin batir mai riƙe wuta na ƴan mintuna kuɗinsa bai kai abin da ake asara a gardama ɗaya ba. Haka wanda ke fizge kile ba tare da ya nemi izinin cirewa ba.

Masu zuwa shagunan intanet su cike takardun neman aiki ko na jarrabawa su ma abin ya shafe su. Akwai muggan manhajoji masu tara duk abin da aka danna a allon rubutu su ajiye cikin wani ɗan fayil. Mai shagon da ke son ya tabbatar na'urorinsa tsarkakakku ne yana iya kunna Procmon, ya tace rubutu kaɗai ba tare da ya zaɓi manhaja ba, ya buɗe shafi fari ya yi ta buga haruffa ba tare da ya adana ba. In ya ga wani fayil a wani lungu yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan daidai da bugun da yake yi, to ya bi sunan manhajar da ke rubuta shi. Ba duka ake kamawa ta haka ba, wasu ba su ajiyewa a faifai, aikawa suke yi kai tsaye, amma ƙananan da ke yawo a kile galibi suna faɗowa.

Kayan da ke iya wannan leƙe suna iya cutarwa, wannan ma dole a faɗa. API Monitor da strace na iya nuna kalmar sirrin mutum in manhajar ta rubuta ta a fili. Abin da Procmon ya tara kuwa cike yake da sunayen masu shiga da sunayen fayilolinsu, kuma sunan fayil kaɗai na iya tona wanda ake bi bashi ko wanda ke karɓar wane magani. Na ga ana tura irin wannan cikin zaurukan WhatsApp na masu gyara ana neman taimako, ba a share kome ba. Ƙasarmu na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da aka ɗora wa kula da ita, akwai kuma dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019. Ko babu doka, na'urar da ba taka ba, ba ka leƙa ta sai da izinin mai ita, kuma ni in za a yi binciken da ya shafi zargi, sharaɗina shi ne wanda ake zargi ya zauna a wurin ya ga abin da nake yi.

Roƙona ga ƴan kasuwarmu shi ne ranar da za a girka muku manhaja, kada ku biya sai mai girkawar ya nuna muku da yatsa fayil ɗin da kuɗinku ke kwana a ciki, ya shigar da gwaji a gabanku ku ga lokacin fayil ɗin ya canza, da sunan kowane mai shiga, ya kuma nuna muku ko manhajar na riƙe tarihin wanda ya goge ko ya gyara layi. In ba ta riƙewa, ku nemi wata. Kowane yaro kuma a ba shi nasa sunan shiga da kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani, hakan kariya ce gare ku da shi. Cibiyoyin koyar da kwamfuta da suka cika gari, waɗanda ke tsayawa a Word da Excel su ba da takardar shaida, da za su ware ko da mako ɗaya su koyar da Procmon da gwama fayiloli, da yaran da suke yayewa sun fi samun abin yi. Ku kuma a jarida, in za ku buɗe ɗan fili na amsa tambayoyin kwamfuta da Hausa, ni da wasu abokan sana'ata a nan za mu riƙa aiko da amsa ba tare da an biya mu ba.

Na gode da ba ni fili. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai gyaran kwamfuta,
Maraɗi, Jamhuriyar Nijar